A Fara Kai Yara Barga

Jama'a, yau maganarmu a kan wata tsohuwar fada ce ta ƙasar Faransa, watau Chaumont, wadda ke bisa tudu a bakin kogin Loire. Mutane na zuwa ziyararta da 'ya'yansu daga nesa da kusa. Shawarata ga duk wanda Allah ya nufa da kai yara irin wannan wuri ita ce, kada ya fara da ɗakunan sarauta. Ya fara da barga.

Fadar dai ta daɗe. Cikin 1465 Sarki Louis na 11 ya sa aka rushe ta don ya hori mai ita, daga baya zuriyar mutumin suka sāke gina ta. Amma yaro ɗan shekara takwas ba ruwansa da wannan lissafi. In ka ja shi daga zaure zuwa zaure kana kiran sunayen matattu, kafin azahar ya gaji, sai hamma. Doki kuwa ya san shi. Yaron da ya taɓa ganin hawan Salla ya san sirdi da linzami da likkafa, ya kuma san ba kowa ke ɗaure doki a gida ba.

To, ga labarin bargar. Cikin 1875 wata yarinya mai suna Marie Say, 'yar shekara 17, magajiyar masu kamfanin sukari, ta sayi fadar, ta kuma auri wani ɗan sarauta, Amédée de Broglie. Cikin 1877 suka gina wa dawakinsu barga wadda ake lissafa ta cikin mafi ƙawa a Turai a zamanin. Dawaki na da ɗakin da ake dafa musu abinci, da ɗakin ajiye sirada, da rumfar kekunan doki. Har wutar lantarki aka sa musu, alhali yawancin mutanen karkara na kwana da fitilar mai. Ban da dawaki, har giwa aka ajiye a gidan, kyautar wani sarki daga Indiya.

A nan ne ya kamata uba ya tsaya ya ba yara sauran labarin. Da maigidan ya so ya kewaye fadar da lambu, sai ya sayi gidajen ƙauyen da ke kusa ya rushe, aka koma da mutanen gangare, bakin kogi. Majami'arsu da maƙabartarsu ma sai da aka ɗauke. Watau inda yara ke guje-guje bisa ciyawa yau, dā gidajen talakawa ne. Sai a tambaye su: wa ke tashi da asuba ya share bargar nan? Ina yake kwana? Lalle yaron da aka koya wa irin wannan tambaya ba zai ƙara kallon babban gida da baki buɗe kawai ba.

Duniya kuwa rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Dukiyar sukari ta yi ta zurarewa, har cikin 1938 fadar ta koma hannun gwamnati. Ita Marie ta rasu a Faris cikin 1943, ba ta da fada, ba ta da doki. Yau ɗan manomi na iya biyan kuɗin shiga ya tsaya inda kakansa ba ya isa ya leƙa.

Mu ma muna da fadodi da barguna, da shamakai da 'yan barga waɗanda suka san tarihin kowane turke. In mun kai yara kallon hawa, mu roƙi izini mu kai su ga waɗannan bayin Allah, su ji daga bakinsu nawa doki ke ci, wa ke nomawa, wa ke yankan ciyawa. Gani ya kori ji, amma gani ba tambaya kallo ne kawai.

Allah ya shirya mana zuriya, amin. Sai mako mai zuwa.