Nasiha ga Iyaye Baƙi da Malaman Sakandare

Ya 'yan'uwa malamai da fatake. Jirgin ƙasa ya tara baƙi a Sabon Gari, Jami'ar Ahmadu Bello ta tara su a Samaru tun 1962. Ga Nufawa, ga Yarbawa, ga mutanen Nijar, 'ya'yansu suna sakandare.

To, takardar sakamako da Turanci take zuwa, uba bai iya ba, yaron ne tafinta. Ashe an ba kura ajiyar nama! Ya faɗi, ya ce ya ci.

A makarantar allo, uba da ƙafarsa yake zuwa mu gana. Iyaye, ku bar rumfa yini guda, ku tafi da amintaccen tafinta. Malaman boko, ku rubuto da Hausa, harshen kasuwarmu duka. Ɗa amana ne, za a tambaye mu ranar gobe.