Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Filashi Guda da Faifan Ceto

Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai gyaran kwamfuta, a Yamai ne ko Maraɗi ko Kano, ya san ɗan abin nan da ba ya rabuwa da aljihun maigida, wato filashi, wanda a Nijar aka fi sani da kile. A shekarun baya mai gyara yakan yi yawo da jaka cike da faya-fayan CD, wannan na ɗora Windows, wancan na duba lafiyar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wani kuma na kwaso takardu daga na'urar da ta ƙi tashi. A yau an tattara su duka a filashi guda, albarkacin manhajoji irin su YUMI da Easy2Boot da Ventoy. Ci gaba ne babu shakka. Sai dai ya haifar da wata sakankancewa mai haɗari, inda mutane ke ɗauka cewa duk abin da ya shiga filashin zai tashi a kowace kwamfuta. Wannan zato kuskure ne, kuma inda ya fi cutarwa shi ne wajen faifan ceto, wanda ba a nemansa sai ranar da komai ya dagule.

Kafin a gane dalili, sai an san yadda abin yake aiki. Fayil ɗin da ake kira ISO kwafi ne na faifan CD ko DVD sukutum, kuma tun daga ƙa'idar El Torito ta 1995 aka tsara tayar da kwamfuta daga faifai bisa tunanin cewa faifai ɗaya ne a cikin na'ura. Manhajar da ke tara fayiloli da yawa a filashi guda dabara take yi wa wannan tsari. Ventoy, wadda ta fito a 2020, takan raba filashin gida biyu: babban sashe inda ake zuba fayilolin, da ƙaramin sashe mai megabait 32 inda ita kanta take zaune. Idan aka kunna kwamfuta sai ta nuna jerin sunaye, a zaɓi guda, ita kuma ta gabatar da shi kamar faifai ne na gaske. Matsalar tana ɓullowa ne bayan ƴan daƙiƙoƙi, lokacin da babbar manhajar da aka zaɓa ta karɓi ragama ta fara neman faifanta da kanta. Kowane dangi na Linux yana da tasa hanyar nema, Windows ma da tata. Dole ne masu Ventoy su koya wa manhajarsu kowace hanya ɗaya bayan ɗaya, kuma duk ranar da wani dangi ya sauya salo a sabuwar siga, aiki ya koma sabo.

Nan ne ya kamata a karanta jerin dacewar da ake wallafawa da idon basira. Masu Ventoy suna lissafa fayiloli sama da 1,000 da aka gwada, kuma ba a zarginsu da ƙarya. Amma abin da jerin yake nufi shi ne wani ya gwada wata siga ta wani fayil a wata kwamfuta, ta tashi. Alhali masu ruwa da tsaki a wannan al'amari uku ne: fayil ɗin, da manhajar filashin, da kwamfutar da ke kan tebur. Jerin yana ba da shaida a kan biyun farko kawai. Ta ukun kuwa, wadda ita ce mara lafiyar, babu wanda ya taɓa tambayarta.

Kwamfutocin kuma ba jinsi ɗaya ba ne. Tsofaffi suna tashi ta hanyar BIOS, sababbi ta hanyar UEFI, kuma da yawa daga cikin na baya-bayan nan sun daina karɓar tsohuwar hanya gaba ɗaya. Hiren's BootCD siga ta 15.2, wadda ta fito a 2012 kuma har yanzu take yawo daga hannu zuwa hannu, BIOS kaɗai ta sani. A sabuwar kwamfuta sunanta zai bayyana a jeri, amma ba za ta yi aiki ba. Memtest86+, mai duba ƙwaƙwalwa, bai iya tashi ta UEFI ba sai a siga ta 6 da ta fito a 2022. A kasuwannin da akasarin kwamfutoci na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, mai gyara yana iya karɓar na'ura mai shekara goma sha biyar da safe, da la'asar kuma a kawo masa ta bara.

Sannan ga mai gadin ƙofa, wato Secure Boot, wanda ba ya barin kowace manhaja ta tayar da kwamfuta sai tana ɗauke da sa hannun da aka amince da shi. Amincewar nan ba dawwamamma ba ce. A watan Agustan 2024 wata sabuntawa da Microsoft ya aika wa Windows ta sa kwamfutoci da dama suka ƙi karɓar tsofaffin manhajojin tayar da Linux, har filashin da jiya yake aiki ya wayi gari ana korarsa daga bakin ƙofa, ba tare da mai shi ya taɓa komai a cikinsa ba. Ko tsarin ajiyar filashin ma yana da nasa tarko: FAT32, wanda kowace UEFI take iya karantawa, ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4, fayilolin Windows na yanzu kuwa sun zarce haka.

Abin da ya faru ranar 19 ga Yulin 2024 ya nuna nauyin wannan magana. Wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, ciki har da na filayen jirgin sama da asibitoci da bankuna. Da yake na'urorin sun kasa tashi, ba a iya aika wa da yawa daga cikinsu gyara ta intanet ba. Sai da ma'aikata suka bi su ɗaya-ɗaya. Kayan ceton da Microsoft ya fitar yana share filashi ne ya mallake shi baki ɗaya domin aiki guda. A na'urorin da aka kulle da BitLocker kuwa, sau da yawa sai an nemo lambar buɗewa mai alƙaluma 48. Wanda bai adana wannan lamba ba, ko filashinsa na ɗauke da faifan ceto ashirin, yana iya tsayawa cirko-cirko a gaban takardun da ba zai iya buɗewa ba.

Masu kare filashi guda suna da hujjar da ba za a raina ba. Filashi mai inganci kuɗi ne, sauko da fayil mai gigabait biyar yana cinye data, kuma ɗalibi ko ƙaramin mai shago ba zai iya sayen goma ba. Haka kuma a mafi yawan ranaku Ventoy tana tashi lafiya lau. Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa ba wanda zai ce a jefar da ita. Abin da ake bukata shi ne a bambanta aiki biyu. Ɗora sabuwar manhaja ko gwada wani Linux aiki ne da ke iya jira. In bai yiwu yau ba, gobe ma rana ce. Ceto kuwa ba ya jira, domin rumbun ajiyar da ya fara lalacewa yana iya mutuwa a kunnawa ta gaba, tare da kundin digiri na wani ko lissafin shekara na wata ƴar kasuwa. A irin wannan hali duk wata dabara da aka ƙara tsakanin kwamfuta da faifan ceto ƙarin wurin tuntuɓe ne. Ba banza ba Pete Batard, mai manhajar Rufus da ta fito a 2011, ya tsaya a kan fayil ɗaya a filashi ɗaya duk da roƙon masu amfani da ita.

Saboda haka tsarin da ya fi dacewa ba shi da tsada. A mallaki filashi biyu: babba mai tarin fayiloli domin aikin yau da kullum, da ƙarami wanda aka rubuta wa faifan ceto guda, kamar SystemRescue ko Clonezilla ko Hiren's BootCD PE na zamani, ta hanyar da masu shi suka tanada. A tabbatar da fayil ɗin ta hanyar kwatanta lambar SHA-256 da wadda aka wallafa, domin saukowar da ta katse a tsakiya tana barin fayil mai kama da lafiyayye. A gwada filashin kansa, tunda kasuwa cike take da na jabu masu nuna girman da ba su da shi, waɗanda ke karɓar fayil su lalata shi a ɓoye. Sannan a tayar da kowace kwamfuta mai muhimmanci da shi tun tana da lafiya, a ga ko ya gane rumbunta, a rubuta sakamakon a littafi tare da lambar BitLocker, a kuma maimaita gwajin bayan kowace babbar sabuntawa.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin nan bai wuce aikin rabin sa'a ba a ranar da babu gaggawa, kuma shi kaɗai ne yake ba da amsar da jerin dacewa ba zai iya bayarwa ba: ko wannan filashi zai tayar da wannan kwamfuta. Mai gyaran da ya yi shi zai karɓi na'urar abokin cinikinsa da sanin abin da ke hannunsa, wanda bai yi ba kuwa sai ya fara koyo a kan dukiyar mutane.