Gure: Wa Ya San Inda Ɗan Kwaleji Ya Kwana?

Kowace shekara, da kamawar watan Oktoba, motocin kasuwa suna sauke waɗansu baƙi a Gure waɗanda babu mai tarbarsu. Yara ne ƴan shekara goma sha biyu zuwa sha uku, daga ƙauyukan ƙasar Muniyo, daga kwarurrukan kanwa da dabino, daga gindin duwatsun Kutus. Kowane da tabarmarsa da ƙullin geronsa, da labarin cewa ya samu shiga kwaleji, wato CEG, inda zai yi shekara huɗu kafin jarrabawar BEPC. Hukuma ta faɗa masa ajinsa. Inda zai kwana da abin da zai ci kuwa, ta bar wa Allah da mai masauki.

Mai masaukin nan shi ne ginshiƙin da makarantunmu suka jingina a kansa, alhali sunansa ba ya cikin kasafin kuɗin kowace ma'aikata. Wani ɗan uwa ne na nesa, wani abokin cinikin uban yaron ne, wani kuma kunya ce kawai ta hana shi cewa a'a. Ba zan zage shi ba, don mai ƴaƴa takwas da ya karɓi na tara ya yi abin da gwamnati ta kasa. Amma a faɗi gaskiya: yaron da aka ajiye shi ne mai ɗebo ruwa da asuba, shi ne mai neman itace, shi ne na ƙarshe a bakin akushi. In yarinya ce, daka da wanke-wanke da talla suna jiranta, kuma ranar da uwarta ta ji wata magana maras daɗi, za a zo a ɗauke ta, sai dai mu ji labarin ɗaurin aure.

To, ina shugabannin makaranta? Na taɓa zama a ofishin wani darakta, ya buɗe mini rajistarsa yana alfahari. Wanda ya makara an rubuta, wanda bai zo ba an rubuta, wanda makinsa ya faɗi har za a kore shi an ja masa jan layi. Na tambaye shi nawa ne cikin waɗanda za a kora suke zaune a gidan wani. Ya dube ni kamar na yi masa zancen aljanu, ya ce wannan ba ya cikin aikinsa. Ashe aikin darakta ƙidayar gawa ne, ba jinyar majinyaci ba!

Laifin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba, kuma na san daraktocin da suke ciyar da ɗalibai daga aljihunsu ba tare da kowa ya ji ba. Tushen ciwon yana wurin naɗi. Bayan taron ƙasa na 1991 mun yi murnar samun jam'iyyu, sai ga shi kujerar shugabancin makaranta ta shiga cikin ganimar da ake rabawa bayan zaɓe. Wanda ya yi wa jam'iyya hidima a ba shi makaranta, wanda ya saɓa mata a tura shi gabas mai nisa don ya ji a jikinsa. Mutumin da ya iso Gure yana ganin hukunci aka yi masa, ranar tashinsa yake lissafi. Yaushe zai san sunan unguwannin da ɗalibansa ke kwana? Malaman kwantaragi kuma, da albashinsu ya sha yin jinkiri, ba a tambayar mai jin yunwa labarin yunwar wani.

An ce ai akwai kwamitin kula da makaranta, wanda aka sani da COGES, daga baya aka sake masa suna CGDES. Dokar ilimi ta 1998 ta yi kira ga al'umma ta sa hannu cikin tafiyar da makaranta, kuma manufar mai kyau ce. Sai dai a wurare da yawa kwamitin ya koma mai karɓar kuɗin alli da na zana. Uban da ke ƙauye, wanda ɗansa ne ke shan wahalar, ba ya jin ranar taro, balle a zaɓe shi. Ƴan birni ke zama su yanke, su da ƴaƴansu ke kwana a ɗakin uwarsu.

Nan ne maganar ta zo kanku, ku ƴan kasuwa da ma'aikata masu karanta wannan jarida. Da yawanku ta gidan mai masauki kuka bi, kun san ɗanɗanon tuwon da ake miƙo wa baƙo bayan kowa ya ƙoshi. Yau kun kai naku makarantun kuɗi a Damagaram da Yamai, kun kau da kai. Ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda ta rasa ƴaƴanta a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu 1990, ita ma ta fi ƙwarewa wajen rufe makaranta bisa ga ƙirga waɗanda suka fice daga cikinta ba su dawo ba.

Gidan kwana na ƴan mata da aka buɗe a Kelle a 2021, zamanin shugaba Bazum, ya nuna cewa hukuma ta san ciwon sarai. Amma gida ɗaya ba ya ɗauke ƴaƴan jiha guda, kuma ɗan ajin farko na bana ba zai jira a gama gina sauran ba.

Abin da nake nema ba ya bukatar tallafin Bankin Duniya. Kowane darakta ya buɗe rajista ta biyu a makon farko: sunan ɗalibi, ƙauyensu, gidan da ya sauka, sau nawa yake cin abinci a yini. A ware wa iyayen ƙauye kujeru a kwamiti, a kira taro ranar kasuwa lokacin da suke gari. A karanta lissafin kuɗin kwamiti a bainar jama'a, da Hausa da Barbarci. Manyan ƴan kasuwar hatsi su ajiye buhunan gero a hannun kwamitin tun da kaka, kafin farashi ya tashi. Sa'an nan in mai duba makarantu ya zo daga Damagaram, kafin ya tambayi nawa suka ci BEPC, ya fara tambayar nawa suka shiga ajin farko shekara huɗu da suka wuce, kuma ina sauran suke.