Allon Tela Ne Kaɗai Yake Tare Hanya?

Wata safiyar Talata ina kan hanyar zuwa gidan rediyo, na tarar da wani dattijon tela a layinmu tsaye bakin shagonsa, yana kallon ramukan ƙusa huɗu a jikin bango. Nan allonsa yake a da, guntun katako da bai fi faifai biyu ba, an rubuta sunan shago, an zana almakashi. Na ce, "Baba, ina allon?" Ya ce, "Ɗana, jiya suka zo da mota suka ɓalle shi. Wai ban biya ba. Na ce nawa ne, suka ce in biyo su ofis." Ba su ba shi takarda ba, ba su taɓa yi masa gargaɗi ba. Da na ɗaga kai, daidai saman shagon, a jikin turken lantarki, ga fuskar wani ɗan takara tana yi mana murmushi. Tun ranar 7 ga Disamba 2024 aka yi zaɓe. Rana ta cinye rabin fuskar, ruwa ya wanke alkawuran, amma ba wanda ya zo da mota dominta.

Kada mai karatu ya ɗauka faɗa nake yi da doka. Dokar ƙananan hukumomin Ghana ta 2016, mai lamba 936, ta ba kowace majalisar gari ikon kafa ƙa'idojinta da karɓar kuɗin izini, kuma kowace shekara majalisa tana zama ta yanke farashi. Wannan daidai ne. Gari ba ya gyaruwa da fatar baki, kuma duk wanda ya taɓa ganin iskar farkon damina a Kumasi ya san ƙaton allon ƙarfe da aka kafa da ha'inci makami ne a kan masu wucewa. Faɗana da yadda dokar take zaɓen wanda za ta ciza ne.

Ka taso daga Kejetia ka bi ta Alabar, ka zarce Aboabo, ka ƙirga abin da idonka zai gani. Fastocin 'yan siyasa, wani kan wani, har bango ya yi ɓawo. Kyallayen sanarwar jana'iza da aka ɗaura a mararraba, an binne mamaci da daɗewa, kyalle na nan yana kaɗawa. Manyan allunan kamfanoni da suka ci rabin hanyar ƙafa, har 'yar kayayo da kwano a ka sai ta sauka kan kwalta ta yi gogayya da trotro. A cikin wannan tarin duka, wai katakon tela ne ya ɓata birnin da ake yi wa kirari da birnin lambuna. Gaskiyar Bahaushe, inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, kuma mai kama ɓarawo in ya ji tsoro sai ya kama ɗan rakiya.

Dalilin wannan tsoro ba ɓoyayye ba ne. A tsarin mulkin 1992, shugaban ƙasa ne yake naɗa shugaban kowace majalisar gari, 'yan majalisa su amince da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a. Wato mutumin da ya kamata ya ba da umarnin cire fastocin jam'iyya, jam'iyya ce ta kawo shi kujerar. In ya taɓa na jam'iyyarsa ya taɓa tukunyar tuwonsa, in ya taɓa na 'yan adawa a ce bi-ta-da-ƙulli ne. Sai ya bar su duka, ya juya kan wanda ba shi da lauya, ba shi da lambar wani babba a wayarsa.

Ga kuma wani ruɗani da ya fi shafar mu mutanen Zango. A 2012 aka yanki Asokore Mampong daga majalisar birnin Kumasi, KMA, aka mai da ita majalisa mai cin gashin kanta, Aboabo da Asawase da Sawaba suka koma ƙarƙashinta. A 2018 aka sake yanko Oforikrom, Kwadaso, Tafo, Asokwa da Suame. Kowace da nata farashi, kowace da nata masu karɓa. Mai shago a Alabar da ƙaninsa mai shago a Aboabo sana'a ɗaya suke yi, tafiyar mintuna ce tsakaninsu, amma hukumarsu daban. Wa ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani da Hausa ko Twi? Farashin da mai biya bai san shi ba, ƙofa ce a buɗe ga "kawo na goro mu bar maka."

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ake rubutawa a fastocin. A wurin aikina ban isa in karanta tallar magani ba sai mai shi ya kawo shaidar amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, domin dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta wajabta haka, har ta hana tallar maganin wasu cututtuka ɗungurungum. Amma bangon makarantar 'ya'yanmu cike yake da tallar maganin ƙarfin maza da na masu ninka kuɗi. Rabinsu sun maƙala wa kansu sunan "Malam". Kalmar da iyayenmu suka ajiye wa masu karantar da allo da bayan sallar asuba, ita ce yau ɗan damfara yake liƙawa a bakin kwata. A Afrilun 2021, da wasu samari suka kashe wani yaro a Kasoa don neman kuɗin tsafi, ƙasa ta girgiza, aka taso wa tashoshin talabijin masu tallar bokaye. Bango kuwa ba wanda ya taso masa, alhali kowace fasta tana ɗauke da lambar wayar mai ita ɓaro-ɓaro. Wane bincike ne ya fi wannan sauƙi?

Za a ce ma'aikata sun yi kaɗan, kuɗi ba ya isa. To a fara da inda kuɗin yake. Birnin Sao Paulo na Brazil ya kafa doka a 2006, ya sauke manyan alluna dubbai, ya ƙayyade girman allon shago gwargwadon faɗin gabansa, kowa ya san awonsa. Legas ta kafa hukumar LASAA a shekarar don wannan aiki kaɗai. Ban ce mu kwafe su ba, na ce ne abin yana yiwuwa in an fara daga sama.

Buƙatunmu kaɗan ne. A liƙa farashin shekara a kasuwanni da ƙofofin masallatai, a karanta shi a rediyo da harsunan da mutane ke ji. Kada a ɓalle allon kowa sai da rubutaccen gargaɗi da wa'adi, kuma ko sidi ɗaya aka karɓa a ba da rasit. Kowane babban allo ya ɗauki lambar izininsa a fili. Kowane ɗan takara ya ajiye kuɗin jingina kafin ya liƙa fasta, in bai kwashe ba bayan zaɓe a yi aikin da kuɗinsa.

Mu ma da namu laifin. Yaran da ke yawo da bokitin sitaci da tsakar dare suna liƙa waɗannan takardu 'ya'yanmu ne, bangayen kuma na gidajenmu ne. Limamai da sarakunan Zango suna da bakin da za su ce kul. Asambuliman da muka zaɓa a Disambar 2023 maƙwabcinmu ne, a tare shi a tambaye shi farashin da ya ɗaga wa hannu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba kowannenmu damar rubuta wa majalisa ya nemi jerin allunan da ke da izini. Ni zan rubuta tawa, kuma duk amsar da na samu, ko shirun da aka yi mini, zan karanta a shirina.

Baba tela ya sa an yi masa sabon allo. Ya ƙi kafa shi a waje, ya jingina shi a cikin shago kusa da keken ɗinki, inda ba mai ganinsa sai wanda ya riga ya shigo. Ɗan takarar yana nan a turke.