Kafin A Ɗora Aikin Ofis A Kan Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa bin takardarsa a ofishin gwamnati ya san doguwar tafiyar da fayil yake yi. Daga rajista sai teburin akawu, daga nan masinja ya kai wa shugaban sashe, shi kuma ya miƙa wa darakta, har ya dangana da babban sakatare, kuma a kowane zango yana iya shafe wata guda ko ma ya ɓace ɗungum. Saboda haka muna goyon bayan hukumomin da ke sayen manhajojin kwamfuta masu tura takarda da kansu daga wannan jami'i zuwa wancan, suna rubuta ranar da ta shigo, da ranar da ta fita, da sunan wanda ya riƙe ta.

Ba shakka ƙasar nan ta ga amfanin irin wannan tsari. A shekarar 2007 Gwamnatin Tarayya ta soma biyan albashi ta tsarin IPPIS, a 2015 kuma ta tilasta wa ma'aikatu zuba kuɗin shigarsu a asusu guda a Babban Banki. A watan Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da cire sunayen ma'aikatan bogi 23,846, bayan ta gwada jerin masu karɓar albashi da lambobinsu na banki.

To, amma abin da ya auku a jami'o'i ya isa ishara. Ƙungiyar malamai ta ASUU ta koka cewa an yanka IPPIS ne daidai jikin ma'aikatu, bai san da malamin da aka aro daga wata jami'a ba, balle wanda ya tafi hutun bincike. Wannan takaddama tana cikin dalilan yajin aikin 2020 da na 2022, wanda shi kaɗai ya zaunar da ɗalibai a gida wata takwas. A ƙarshe, cikin Disamba 2023, Majalisar Zartarwa ta amince a fitar da manyan makarantu daga tsarin.

Mu a namu ra'ayi, darasin a fili yake. Kwamfuta tana bin hanyar da aka shata mata ne kurum. In fayil yana ratsa tebura goma alhali uku sun isa, aka ɗora shi a na'ura yadda yake, to an kashe kuɗin talakawa an adana tsohon jinkiri cikin sabuwar riga.

Don haka muna kira ga gwamnatocin jihohi da shugabannin ma'aikata, kafin su sa hannu a kwangila da wani kamfani, su zauna da akawuna da ma'aikatan rajista waɗanda suka san aikin ciki da bai, a bi kowane mataki, a soke wanda ba shi da amfani. A horar da ƙananan ma'aikata tun da wuri, a tanadi wuta da intanet, a kuma ajiye jami'in da zai saurari wanda na'ura ta tsallake sunansa ranar albashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Su kuma ɗalibai, waɗanda su ne ma'aikatan gobe, ya kamata su haɗa koyon kwamfuta da sanin ƙa'idojin aikin gwamnati, tun da wanda ya san biyun shi ne zai iya gane inda manhaja ta kauce. Allah ya sa a gyara.