Kishi Kumallon Wa?

Mun saba cewa kishi kumallon mata, littattafanmu na soyayya ma sun cika da kishiyoyi masu sintiri gidan boka. Amma a ganina kishin da ya fi zubar da jini na namiji ne, shi ne kuma ba mu cika taɓawa ba.

A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, David Buss, ya tambayi ɗaliban jami'a, maza da mata: wanne zai fi ƙona rai, wanda kake so ya kwana da wani, ko ya ba wani zuciyarsa? Kashi 60 cikin ɗari na mazan suka ce kwanan, kashi 83 na matan suka ce zuciyar. Dalilin da ya bayar shi ne, mace ba ta shakkar ɗan da ta haifa, namiji kuwa ba shi da wannan tabbaci. Wai mazan dauri marasa kishi sun ƙare a ciyar da 'ya'yan wasu, masu sa ido kuma suka yaɗu, mu muka gaje su.

Maganar akwai daɗin ji, musamman a majalisar maza. To amma ina za mu kai Himba, makiyayan Namibiya? A 2020 Brooke Scelza ta fitar da sakamakon gwajin ƙwayar halitta da aka yi musu: kashi 48 na yaran ba mijin uwarsu ne ya haife su ba. Yawancin mazan sun sani, suna kuma riƙon yaran. A wajen Dogon na Mali kuwa, binciken 2012 bai samu ko kashi 2 ba. Duk 'yan Adam ne fa, tarbiyya da al'ada suka raba su.

Ban musa cewa da kishi aka halicce mu ba. Ai da yunwa ma aka halicce mu, amma ba a sallami ɓarawon akuya don ita ba. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya lakaɗa wa matarsa duka kan lambar da ya gani a wayarta, a ce wai jinin maza ne. Shari'a ba ta miƙa wa mai zargi adda ba. Ko ya kawo shaidu huɗu, ko su je gaban alƙali a yi li'ani: ya rantse sau huɗu, a na biyar ya kira wa kansa tsinuwa in ƙarya yake, ita ma ta yi nata rantsuwar, a raba auren.