Kakana a Rasit ɗin Haraji

Duk gidan da ka shiga a ƙasar Hausa ka tambayi asali, da wuya ka ji an ce "nan muka tsira." Wannan daga Barno, wancan daga Malle, wani ma sai ya haura da kai har Yaman. Mu ma da haka muka tashi: kakanmu malami ne, daga gabas ya taho da gafakarsa, sarki ya ba shi masauki. Ban taɓa gamuwa da wanda ya ce kakansa ɗan dako ne ba, har nakan rasa su wa suka ɗauko wa malaman nan kayansu.

Bara, wajen rabon gadon wani kawuna, aka buɗe adakarsa. Can ƙasa, naɗe cikin tsumma, sai ga rasitan harajin mahaifinsa, gara ta cinye gefen wasu. A jikin ɗaya ga sunan tsohon, ga na ubansa, ga unguwa, ga adadin sulallan da ya biya. Gaban sunan an ƙara kalma ɗaya don a bambanta shi da masu irin sunansa: Marini. Na ɗauka na nufi ɗakin Goggo.

"Goggo, ashe Baba Tsoho rini ya yi?"

Ta dube ni ta ce, "Kai dai ba ka rabo da tone-tone. Wa ya ce maka malami ba ya rini? Har ya koma ga Allah hannunsa shuɗi ne."

Shekara hamsin ina jin labarin gafaka, ban taɓa jin na karofi ba. Ba ƙarya aka yi mini ba, zaɓe aka yi. Abin da ya sa na fi yarda da malamin haraji a kan maroƙi ke nan. Maroƙi biyansa ake yi ya ɗaga ka. Malamin haraji kuwa ba ruwansa da darajar gidanku, kuɗi ya zo karɓa, don haka abin da ya tarar shi yake rubutawa.

Kuma sun rubuta da yawa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, suka tarar da kuɗin ƙasa, kuɗin shuka, kuɗin karofi da jangali, suka dinga haɗa su suna yi musu rajista. Daga nan aka fito da awon taki, inda malaman taki ke bin gonaki suna aunawa da ƙafa, suna rubuta mai gona da girmanta. Joji-joji suka yi ta zagaya gundumomi suna rubuta rahoton kowace: ƙauyukanta, dagatanta, sana'o'inta, daga ina mutanenta suka ce sun fito. Haka aka yi ta tafiya har 1979, lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Talaka ya yi murna, kuma da gaskiyarsa. Amma littattafan da aka tatse shi da su, yau su ne suka riƙe sunan kakansa. Da yawansu na nan a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, wasu a Arewa House, wasu a Gidan Ɗan Hausa a Kano, wasu a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Sai dai littafin haraji na maza ne, magidanta da samarin da suka isa biya. In kana neman kakarka, sai ka bi ta gaban alƙali. Can ne mace ke fitowa da sunanta da na ubanta: ta zo neman tumunin takaba, ta zo neman saki, ta kai ƙarar ƙanin miji da ya riƙe gonar marayu. Shari'ar gado ita ce ma'adinin mai neman asali, don alƙali ba ya raba dukiya sai an lissafa masa magada ɗaya bayan ɗaya, an faɗi wa ya haifi wa, wace ce uwar wane. Shafi guda sai ya ba ka zuriya uku. Wani Ba'amurke, Allan Christelow, ya fassara shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 daga Larabci, ya buga su a 1994. Rigimar gona da gida ta cika su, kamar yau aka yi.

A nan ne kuma abin ke iya ɗaci. Cikin waɗannan littattafai akwai na fansa, inda bawa ko baiwa ke zuwa gaban alƙali a yanke kuɗin fansa, a biya, a ba da takardar 'yanci. Dubban mutane sun bi ta wannan ƙofa, don ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wa zai ce duk waɗannan ba su bar baya ba? Jikokinsu na nan cikinmu, wasu da rawani, wasu da digiri. Na san wannan ne ke sa wasu dattawa cewa a bar kaza cikin gashinta. Ina girmama su, amma ban bi su ba. Mutumin da ya yi shekaru yana noman gandun wani da safe, ya yi nasa da yamma, har ya tara kuɗin da ya sayi kansa, ni ban ga abin ɓoyewa a tarihinsa ba.

Kada kuma a ɗauki takarda kamar saukakkiya. Mutane sun gudu daga haraji, an ɓoye samari a rumbu ranar ƙidaya, Fulani sun tsallaka da shanu saboda jangali, wani dagacin ya rage kawuna don ya ci rarar. Ga Muhammadu goma a unguwa ɗaya. In ba ka san laƙabin kakanka ba, Dogo ne ko Tanko ko Na-Allah, sai ka ɗauki kakan maƙwabcinku ka rungume. Takardar gona ita ma haka: a ƙauye yawancin ciniki da jingina da baki aka yi su gaban mai unguwa, wadda aka rubuta kuwa sai ka ga iyakarta "daga kuka zuwa tsohuwar rijiya," alhali kukar ta faɗi tun zamanin Sardauna. Ba mai warware maka wannan sai tsohuwar da ta ɗebi ruwa a rijiyar.

Shi ya sa na koma wajen Goggo da rasitan da kuma wayata, na ce ta faɗa mini inda karofin yake. Ta kwatanta, na je. Shagon cajin waya ne a wurin yanzu, amma ta bayansa akwai bakin rami guda da ba a gama cikewa ba, yara na zuba shara a ciki.